Hayar ɗaki ta 'yan kwanaki: kowane gari da tasa doka, ina Dakoro ta tsaya?

Tun ranar 13 ga watan Janairun 2025, duk wanda ya sauki ɗan wata ƙasa a gidansa a Jamhuriyar Nijar, ko da kuɗi ko kyauta, wajibi ne ya sanar da 'yan sanda. Haka dokar shige da fice da zaman baƙi wadda Janar Abdurahamane Tiani ya sa wa hannu ta tanada, kuma ta ce wanda ya ƙi yin haka zai iya fuskantar hukunci. Ga mai otal a Yamai wannan ba sabon abu ba ne, domin dama baƙo ba ya karɓar makulli sai ya nuna takardarsa ya cika fom. Amma ga dillalin dabbobi a Dakoro, wanda ya gaji saukar fatake daga iyaye da kakanni ba tare da ko alƙalami ba, dokar ta shigo har cikin zaure.

Batun hayar ɗaki ko gida na kwana ɗaya zuwa 'yan makonni ya zama abin ce-ce-ku-ce a manyan biranen duniya, daga New York zuwa Barcelona. Kowane birni ya ɗauki nasa mataki, kuma matakan ba su yi kama da juna ba. Duba dalilin wannan bambanci na iya taimaka wa gari irin Dakoro ya gane abin da ya dace da shi, kafin a ɗinka masa rigar da aka auna a jikin wani.

Su wa ke kwana a Dakoro?

Dakoro na da nisan kimanin kilomita 120 arewa da birnin Maraɗi, a inda ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo. Kwarin Tarka na arewa da garin, kuma a wannan yanki ne dokar 1961 ta ja iyakar da noma bai kamata ya ƙetare ba. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar na da mutum fiye da dubu 600, bayan an cire Bermo daga cikinta a 2011. Gari ne na mahaɗa, kuma garin mahaɗa ba ya rabuwa da baƙi.

Baƙin nan iri-iri ne. Akwai na kasuwar Juma'a: makiyaya Fulani da Buzaye masu kawo dabbobi, da 'yan kasuwa daga Maraɗi, Tawa da ƙetaren iyakar Najeriya masu zuwa saye, musamman idan sallar Layya ta gabato. Akwai masu jinya da ke rako marasa lafiya asibitin gunduma daga Kornaka, Birnin Lalle, Ajekoriya ko Sabon Mashi. Akwai ɗalibai da ke zuwa rubuta jarrabawar BEPC, da ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki yana neman inda zai ajiye kaya kafin ya samu gida. Akwai kuma ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, waɗanda suka yawaita a yankin tun yunwar 2005, lokacin da MSF ta buɗe cibiyoyin kula da yara masu tamowa, daga baya kuma ALIMA da BEFEN suka shigo aikin lafiya.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan mutane ke kwana a masauki mai rajista. Mafi yawa suna sauka a wurin ɗan'uwa, ko dillali, ko wani mai gida da ke da ɗakin waje wanda babu kowa ciki. Wani ya biya, wani ya bar goro, wani ya yi godiya ya tafi. Wannan ita ce hayar 'yan kwanaki ta Dakoro, kuma ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

Dokar da ba a rubuta ba

Tsarin fatoma, wato mai masaukin fatake, yana daga cikin ginshiƙan kasuwancin Hausawa tun zamanin ayarin goro zuwa Gwanja. Baƙo ya sauka a gidan mai gida, a ba shi wurin kwana da tuwo, a ajiye masa kuɗi, a nemo masa mai saye ko mai sayarwa. Mai gida ba ya karɓar kuɗin ɗaki kai tsaye. La'ada ce rabonsa idan ciniki ya faɗa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ya dogara kacokan a kan waɗannan masu gidaje: su ne ke tsaya wa baƙo, su ne kuma ke ɗaukar nauyi idan mai saye ya ci bashi ya gudu.

Abin lura a nan shi ne, tsarin yana da nasa sharuɗɗa masu tsauri. Fatoma ya san baƙonsa, ya san garinsu, ya san wanda ya aiko shi. Idan dabbar da aka kawo ta sata ce, shi za a fara tambaya. Idan baƙo ya yi ɓarna a unguwa, sunan mai gida ne ya ɓaci. Abin da hukumomin manyan birane ke nema yau ta hanyar lambar rajista da fom, wato a san wanda ke da alhakin baƙo, shi ne al'ada ta riga ta ɗora wa fatoma.

Sai dai tsarin yana aiki ne idan sanayya ta riga ta shiga tsakani. Yau wani na iya samun lambar mai ɗaki ta WhatsApp ko wurin ɗan kabu-kabu a tasha, ya biya kwana uku, ya tafi ba wanda ya san daga ina ya fito. A nan ne al'ada ke gazawa, kuma a nan ne ake bukatar doka.

Doka ɗaya daga Yamai, aiki iri-iri a garuruwa

A takarda, Nijar ba ta da irin bambancin da ake gani tsakanin biranen Amurka. Ƙasa ce mai tsarin mulki na bai ɗaya. Dokar hayar gidaje ta 1996, dokokin haraji, sharuɗɗan buɗe otal da dokar zaman baƙi duk daga Yamai suke fitowa, kuma sun shafi Dakoro kamar yadda suka shafi unguwar Plateau. Bambancin yana fitowa ne wajen aiwatarwa, da kuma irin ƙarfin da kowace hukumar gari take da shi.

Dokar ƙananan hukumomi ta watan Satumban 2010 ta bai wa magajin gari ikon kula da tsabta, zaman lafiya da natsuwar jama'a. Amma Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna da matsayi na musamman na manyan birane, an raba su gida-gida, Yamai biyar, Damagaram biyar, Maraɗi uku, Tawa biyu, da ma'aikatan haraji da na tsara gari. Dakoro kuwa ƙaramar hukumar birni ce wadda kuɗin shigarta ya dogara sosai a kan kasuwa da tasha. Ba ta da ma'aikatan da za su bi gida-gida.

A Yamai, taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019 ya kawo manyan otal-otal irin su Radisson Blu, Bravia da Noom, kuma gidajen haya masu kayan ɗaki sun zama sana'a sosai. Damuwar hukuma a can ita ce haraji da tsaro: gidan da ke aikin otal amma ba ya biyan abin da otal ke biya, kuma ba ya rubuta sunan baƙo.

Agadas ta ɗanɗana wani abu daban. Dokar watan Mayun 2015 kan safarar bakin haure ta mayar da jigila da saukar matafiya masu nufin Libiya ko Aljeriya laifi. Da aka fara aiki da ita da ƙarfi a 2016, gidajen saukar matafiya da ake kira geto ba su ɓace ba. Sun koma bayan gari, sun rufe ƙofa, kuɗi ya ƙaru, hukuma kuma ta daina sanin wanda ke ciki. A watan Nuwamban 2023 mahukuntan soja suka soke dokar. Darasin Agadas a fili yake: idan aka hana sana'ar da mutane ke ci da ita ba tare da an ba su mafita ba, sana'ar takan shiga duhu ne kawai.

A jihar Maraɗi kuwa, tun 2019 dubban 'yan Najeriya daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gudun 'yan bindiga, mafi yawa zuwa gundumar Gidan Runji. Kafin a buɗe matsugunai irin na Garin Kaka, Dan Daji Makau da Cadakori, gidajen talakawa ne suka karɓe su. Wannan ya nuna yadda saukar baƙo a wannan yanki ya wuce maganar haya. Zumunci ne da jinƙai, kuma duk dokar da ba ta rarrabe ba za ta taɓa wanda bai kamata ta taɓa ba.

Tsallaken iyaka: Legas da Kano

A Najeriya bambancin a rubuce yake. A watan Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas cewa rajista da lasisin otal-otal aikin jihohi ne. Tun daga nan kowace jiha ta kama gabanta.

Legas ta fi mayar da hankali ga kuɗin shiga. Dokarta ta 2009 ta ɗora harajin kashi 5 cikin 100 a kan abin da baƙo ya biya a otal da gidajen abinci, kuma yawaitar gidajen haya na 'yan kwanaki a Lekki da Ikoyi ya sa hukumomi na neman shigar da su cikin lissafi. Kano kuwa tambayarta ta farko ita ce su wa ke cikin ɗakin, me kuma suke yi. Hukumar Hisba, wadda doka ta kafa a 2003, takan kai samame masaukai idan ta samu ƙorafin baɗala, ban da rajistar da hukumomin jiha ke nema. Ɗaki ɗaya, sana'a ɗaya, amma abin da zai jawo wa mai gida matsala a Legas ba shi ne zai jawo masa a Kano ba.

Mahajjata ma sun san wani salo. A Makka ba a saukar da alhazai a gini sai hukuma ta duba shi ta ba da izini, ta ƙayyade yawan mutanen da zai ɗauka, saboda tsoron gobara da cunkoso.

Biranen Turai da Amurka

Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a San Francisco a 2008, ya sauƙaƙa wa mai gida samun baƙo daga ko'ina a duniya. Da masu gidaje suka ga ɗan yawon buɗe ido na mako ɗaya na iya biyan abin da ɗan gari ke biya a wata, sai suka fara sallamar 'yan haya na dindindin. Gidajen zama suka yi ƙaranci, haya ta hau.

New York ta ɗauki mataki mafi tsauri. Daga watan Satumban 2023, duk mai son ba da haya ta ƙasa da kwana 30 sai ya yi rajista, sai yana zaune a gidan tare da baƙin, kuma baƙi ba za su wuce biyu ba. Landan tun 2015 ta yarda mutum ya ba da gidansa dare 90 a shekara ba tare da neman izini na musamman ba. Amsterdam ta rage zuwa dare 30 a 2019. A Faransa iyakar dare 120 ce ga gidan da mutum ke zaune ciki, amma dokar watan Nuwamban 2024 ta bai wa magadan gari damar ragewa zuwa 90, kuma Paris ta yi haka daga Janairun 2025. Barcelona ta wuce kowa: a watan Yunin 2024 magajin garinta Jaume Collboni ya sanar cewa lasisin gidaje kusan dubu 10 zai ƙare a Nuwamban 2028, ba kuma za a sabunta ba.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne kowane gari ya yi doka ne kan abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Na New York da Barcelona ƙarancin gida ne, na Legas haraji, na Kano tarbiyya, na Makka lafiyar alhazai. Dokar Faransa ta ƙara da wani darasi: ƙasa ta shata iyaka, ta bar wa gari ya daidaita gwargwadon halinsa.

To, mene ne damuwar Dakoro?

Ba 'yan yawon buɗe ido ne suka cika garin ba. Gandun dajin Gadabeji, wanda UNESCO ta amince da shi a 2017 kuma aka kai wa raƙuman dawa daga Kure a 2018, yana arewa, amma halin tsaro ya rage masu ziyara daga waje. Damuwar Dakoro uku ce.

Ta farko tsaro. Satar dabbobi da garkuwa da mutane a kudancin jihar, kusa da iyaka, sun sa kowa na son sanin wanda ya kwana a maƙwabta. Kasuwar dabbobi kuwa ita ce inda ɓarawo ke son juya abin da ya sata ya zama kuɗi.

Ta biyu kariyar mai gida kansa. Dokar 2025 ta yi magana ne kan ɗan wata ƙasa, ba kan ɗan Nijar da ya zo daga Madawa ko Tanut ba. Amma Bakatsine da Bamaraɗe Hausa ɗaya suke yi, aure da zumunci sun haɗa su, kuma makiyayi ba koyaushe yake yawo da takarda ba. Dattijon da ya sauki surukinsa daga Jibiya kwana biyu domin suna ko ta'aziyya, a harafin doka ya shiga cikin waɗanda ake nufi. Ficewar Nijar daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025 ta ƙara sa mutane cikin ruɗani kan takardar da ake nema daga ɗan Najeriya. Inda doka ta yi faɗi kuma jama'a ba su san iyakarta ba, ƙofar cin hanci da tsangwama takan buɗe, kuma talaka ne ke biya.

Ta uku farashin haya. Gidajen siminti masu ruwa da wuta ba su da yawa a garin. Idan wata ƙungiya ko ɗan kwangila ya zo da aikin wata uku ya biya fiye da kowa, malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ce ke rasa gida. Matsalar Barcelona ce a ƙaramin sikeli. Amma tana da ɗaya gefen: irin wannan kasuwa ba ta da tabbas. Janye lasisin ƙungiyoyin Acted da APBE a Nuwamban 2024, da umarnin da aka bai wa ƙungiyar agaji ta CICR na barin ƙasar a Fabrairun 2025, sun tuna wa masu gidaje a faɗin Nijar cewa ɗan haya mai tsoka na iya tattara kayansa cikin dare ɗaya. Wanda ya kori ɗan gari saboda baƙo na iya wayar gari da gida babu kowa.

Wa zai yanke shawara?

A Paris ko New York, zaɓaɓɓun kansiloli ne suka yi muhawara, masu gidaje da 'yan haya suka yi ta jayayya kafin a kai ga doka. A Nijar an rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a watan Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi. Kantoma na iya yanke shawara da sauri, amma babu majalisar da dillali ko mai ɗakin haya zai kai kukansa kafin a buga tambari. Don haka nauyin tuntuɓa ya koma kan kantoma da furefe da sarakunan gargajiya, waɗanda doka ta riga ta ba su ikon sasanta rigingimun al'ada da na ciniki.

Abin da zai yi aiki a gari irin wannan ba mai wuya ba ne. Da farko a rarrabe masu saukar baƙi gida uku: mai masauki da ke karɓar kuɗi kullum a matsayin sana'a, fatoma ko dillali da ke saukar abokan ciniki ranar kasuwa, da magidancin da ya sauki ɗan'uwa. Na farko ya dace ya yi rajista, ya riƙe littafin baƙi, ya biya haraji kamar kowane mai sana'a. Na biyu shugabannin dillalai na iya riƙe littafi ɗaya a kasuwar dabbobi, a rubuta sunan baƙo da garinsu da wanda ya sauke shi, a miƙa wa jami'an tsaro. Na uku a sauƙaƙa masa hanyar sanarwa ta wurin mai unguwa ko mai gari, musamman a ƙauyukan da ofishin 'yan sanda ya yi wa nisa.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne sanarwar ta zama kyauta. Ranar da aka ɗora mata ko dala ashirin, ranar mutane za su fara ɓoye baƙi, a koma inda Agadas ta fito. Sai kuma a bayyana dokar a gidajen rediyon gari da Hausa, Fulatanci da Buzanci, domin takardar da aka buga da Faransanci a jaridar gwamnati ba ta isa zauren dillali ba. Ga hayar wata ɗaya zuwa uku kuwa, takarda mai shafi ɗaya da ta faɗi kuɗi, ranar fita da wanda zai biya wuta da ruwa, da shaidu biyu, za ta rage shari'ar da ke zuwa gaban sarki.

Akwai masu ganin duk wannan ƙarin wahala ce, tunda garin ya daɗe yana tafiya ba tare da littafi ba. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya: kowane sabon littafi na iya zama sabuwar hanyar tatsa. Amma dokar ta riga ta fito, kuma tana aiki ko an so ko ba a so. Zaɓin da ya rage shi ne ko gari ya tsara yadda za a bi ta cikin sauƙi, ko ya bari sai ranar da wani abu ya faru a ɗakin wani bawan Allah, a zo a tambaye shi takardar da bai taɓa jin labarinta ba.

Hausawa sun ce baƙonka annabinka, kuma kasuwar Dakoro da baƙi take rayuwa. Idan fatake suka ji sauka a garin ya zama abin fargaba, akwai wasu kasuwanni a Kornaka, Sabon Mashi da Mayahi. Idan kuma aka bar ƙofa a buɗe ba mai tambaya, amanar da ke riƙe da cinikin ce za ta lalace. Tsakanin waɗannan biyu ne kantoma, sarakuna da shugabannin kasuwa za su nemo ma'auni, kuma gara su zauna tun kafin hada-hadar Layya mai zuwa ta cika zaurukan garin.